Ƙarfin barasa da zaɓen giya a mashayar Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

Akasarin masu karanta wannan shafi ba sa shan giya, kuma ba don a koya wa kowa sha aka rubuta shi ba. Sai dai mutanenmu da ke zaune a Birtaniya suna cin karo da maganar ko ba su nema ba. Ma'aikaciyar jinya dole ta tambayi majiyyaci yawan abin da yake sha a mako ta rubuta a takarda. Ma'aikacin ofis kuma abokan aikinsa za su ja shi mashaya ranar Juma'a da yamma, ya zauna da kofin lemo yana jin ana ta ambaton wasu lambobi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan waɗannan lambobi.

Wace lamba ce ake rubutawa a jikin famfon giya?

Idan ka shiga mashaya a Ingila za ka tarar da famfuna a jere a kan kanta, wasu masu dogon hannu da ake ja da ƙarfi, wasu ƙanana da ake murɗawa. Kowane famfo an maƙala masa ɗan allo mai sunan giyar da sunan kamfanin da ya yi ta. A ƙasan allon, da ƙananan haruffa, za ka ga wani abu kamar 3.8% ko 5.2%, sau da yawa tare da haruffan ABV. Wannan lamba tana nuna kashi nawa ne cikin ɗari na abin da ke kofin tsantsar barasa. Sauran ruwa ne da ragowar hatsi da ɗanɗano.

Ka lura da dattijon da ya saba da wurin. Ba ya yin oda daga bakin ƙofa. Zai bi famfunan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan sunkuya, wani lokaci har ya ɗaga tabarau, ya tsallake sunayen da zanen da aka ƙawata, ya nemi lambar nan. Sai ya gama lissafinsa a zuci sannan ya ɗago ya yi wa mai sayarwa magana.

Tsakanin kashi 4 da kashi 5 ai ɗaya ne kacal. Me ya sa ake damuwa?

A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Ɗaya ne a rubuce, amma idan ka tashi daga 4 ka koma 5, ka ƙara rubu'in barasar da ke cikin kofin ne gaba ɗaya. Babban kofin da ake sayar da giya da shi a Birtaniya, wanda suke kira faint, yana cin mililita 568. Idan giyar ta kashi 4 ce, akwai tsantsar barasa kusan mililita 23 a ciki. Idan ta kashi 5 ce, ta haura 28. A kofi ɗaya ba za a ga wani abu ba. A kofi huɗu ko biyar, wanda shi ne zaman dare ɗaya ga mutane da yawa, sai ka ga mai shan ta kashi 5 ya sha kofi guda cur fiye da abokinsa, alhali a ƙirge daidai suke.

Abin da ke ƙara tsananta bambancin shi ne hanta ba ta sauri don an matsa mata. Tana da gwargwadon abin da take iya narkarwa a awa ɗaya, duk abin da ya haura wannan sai ya taru a jini yana jiran layi. Mai shan mara ƙarfi a hankali bai yi wa hantarsa nisa sosai ba. Mai shan mai ƙarfi da irin wannan saurin kuwa rararsa tana ninkuwa kofi bayan kofi. Shi ya sa mutum biyu za su zauna a tebur ɗaya, su tashi lokaci ɗaya, ɗaya ya tafi gida da ƙafarsa yana hira, ɗayan a riƙa tare shi a bakin matakala.

Mene ne yunit da likitoci suke tambaya?

Ma'auni ne da hukumomin lafiya na Birtaniya suke amfani da shi: yunit ɗaya mililita 10 ne na tsantsar barasa, wato giram 8. Lissafin ba wuya. Ka ninka yawan mililita da lambar da ke jikin famfo, ka raba da 1000. Faint ɗaya na kashi 4 ya ba ka yunit 2.3, na kashi 5.2 kuma kusan yunit 3. A ƙiyasi, jikin baligi yana ɗaukar kamar awa ɗaya kafin ya narkar da yunit ɗaya, ko da yake wannan ya danganta da girman jiki, da jinsi, da lafiyar hanta.

A watan Janairun 2016 manyan jami'an lafiya na ƙasar suka ba da shawarar kada namiji ko mace su wuce yunit 14 a mako, kuma a rarraba shi a kwana uku ko fiye. Wannan bai wuce faint shida na giyar kashi 4 ba. Don haka idan majiyyaci ya ce miki "kofi biyu kawai nake sha da dare", ba ki gama tambaya ba sai kin ji sunan giyar. Kofi biyu na mai kashi 5.2 kullum ya haura yunit 40 a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fi haka tsanani, don a 2023 ta fito ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya.

Me ya sa giyar gargajiya ta Ingila ba ta da ƙarfi kamar ta wasu ƙasashe?

Turawan za su ce maka ɗabi'arsu ce, amma yaƙi da haraji ne suka haifi ɗabi'ar. Kafin 1914 giyar da lebura yake sha a Ingila tana kai kashi 5 ko sama da haka. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, gwamnati ta tsorata da yadda ma'aikatan masana'antar makamai suke zuwa aiki a buge ko su ƙi zuwa ma. David Lloyd George, wanda yake ministan kuɗi a lokacin, ya faɗa a 1915 cewa ƙasar tana yaƙi da Jamus da Ostiriya da kuma giya, kuma a ganinsa giyar ce mafi haɗari a cikin ukun. Aka rage awannin buɗe mashaya, aka ninka haraji, aka ƙayyade sha'irin da masu dafa giya za su samu. Har aka haramta wa mutum ya saya wa abokinsa kofi. A garin Carlisle da kewayensa, kusa da wata babbar masana'antar harsashi, gwamnati ta ƙwace kamfanonin giya da mashayu ta riƙa gudanar da su da kanta tun 1916, ba ta sake su ba sai farkon shekarun 1970.

Kafin a gama yaƙin giyar ta faɗo zuwa kusan kashi 3. Bayan yaƙi ta ɗan farfaɗo, amma ba ta koma inda take ba, don harajin bai koma yadda yake kafin yaƙi ba, kuma daga 1880 har zuwa 1993 ana lissafa shi ne bisa kaurin ruwan hatsin kafin ya tsimu, abin da ya sa giya mai ƙarfi ta fi biyan kuɗi. Yaƙi na biyu ya zo ya sake danne ta. Dokar rufe mashaya da rana kuwa ta zauna a Ingila har 1988. 'Ya'yan da suka taso a wannan tsakanin ba su san wata giya ba sai mai kashi 3 da wani abu, suka saba, har ta zama abin alfahari. Ƙungiyar CAMRA da aka kafa a 1971 don kare giyar ganga ta gargajiya, mafi yawan abin da ta tashi karewa irin wannan ce, wadda ake kira bita da 'yar'uwarta mayild.

A ganina masu dafa giyar Ingila sun cancanci a yaba musu dabara ɗaya: da aka hana su ƙarfi, sai suka koma neman ɗanɗano ta hanyar gasa hatsi da zaɓen furen hop mai ɗaci. Masana harkar suna cewa sa wa giyar kashi 3.5 ɗanɗano ya fi wuya fiye da yin ta kashi 7, don barasa tana rufe kurakurai da yawa.

Ina ruwan al'adar zagaye da wannan zaɓi?

Ruwanta ne tsundum. A mashayar Birtaniya abokai ba sa sayen kofi kowa nasa. Mutum ɗaya zai tashi ya saya wa tebur duka, idan kofuna suka yi ƙasa na gaba ya tashi, haka har a zagayo. Kamar adashi ne: da ka karɓa, ba ka da bakin fita sai ka zuba naka. Wanda ya sha na mutane ya sulale kafin layi ya zo kansa, sunansa ya ɓaci, kuma za a daɗe ana tuna masa cikin raha mai cizo.

To idan mutum biyar ne a tebur, kofi biyar ke nan a kan kowa, kuma mai saurin sha ne yake ja wa kowa gudu. Tun da ba ka da iko a kan yawan kofuna ko saurinsu, abin da ya rage a hannunka shi ne ƙarfin abin da za a zuba maka. Faint biyar na kashi 3.4 bai kai yunit 10 ba. Faint biyar na kashi 5.2 ya kusa 15, wato ya cinye kason mako guda a dare ɗaya har da ƙari. Wannan ne ya sa suke da wani rukuni da suke kira giyar dogon zama, wadda galibi ba ta wuce kashi 4 da 'yan kai, ana shanta ana kallon ƙwallo ko ana hira awa uku ba a rasa hankali ba.

Baƙar giya ta fi fara ƙarfi, ko ba haka ba?

A'a. Launi daga gashin hatsi yake zuwa, ƙarfi kuma daga yawan sukarin da yis ya cinye ya mayar barasa. Guinness da ake zubawa daga famfo a Landan ko Dublin baƙa ce wuluk, amma ƙarfinta kashi 4 ne da ɗan ɗigo, ƙasa da yawancin fararen giyar Turai da ake kira laga. Duvel ta ƙasar Beljiyam kuwa fara ce tas kamar ba komai, tana da kashi 8.5.

Akwai dalilin da ya sa ɗan Najeriya yake wannan zato. Guinness da ake yi a Najeriya, tun da aka buɗe masana'antarta a Ikeja a farkon shekarun 1960, wani nau'i ne daban mai kashi 7.5, kuma tun bayan hana shigo da sha'ir a ƙarshen shekarun 1980 ana sa dawa a cikinta. Babbar kwalbarta mililita 600 ce, yunit 4.5 ke nan, daidai da faint biyu na giyar kashi 4. Suna ɗaya, launi ɗaya, amma wanda ya auna ta Landan da ma'aunin ta Legas, ko ya yi akasin haka, lissafinsa ya karkace da kusan ninki biyu. Ana sayar da ta Najeriyar a shagunan Birtaniya ma, an rubuta ƙarfinta a jiki. Burkutu da fito da ake dafawa a gida kuwa ba wanda yake auna su, tukunyar yau ba ta zama daidai da ta jiya, shi ya sa duk wannan lissafi ba ya aiki a kansu.

Me ya sa giya da yawa suka koma kashi 3.4 a 'yan shekarun nan?

Haraji ne dai har wa yau. Daga 1 ga Agustan 2023 Birtaniya ta sauya tsarin harajin barasa, ta sa duk abin da bai kai kashi 3.5 ba yana biyan kuɗi ƙasa sosai da wanda ya kai. A da iyakar rangwamen tana kan kashi 2.8 ne, inda kusan ba mai son sauka. Da aka ɗaga ta, kamfanoni suka yi tururuwa zuwa ƙasan layin. Carlsberg ta sauko daga 3.8 zuwa 3.4, Greene King IPA da John Smith's suka sauko daga 3.6 zuwa 3.4. Tun kafin wannan ma Stella Artois, wadda a da take kashi 5.2 a Birtaniya, ta bi mataki-mataki har ta kai 4.6 a 2020.

Kamfanonin sun ce suna taimaka wa mutane su rage sha ne. Masu sha suka ce to me ya sa kuɗin kofin bai sauka ba? Duka biyun suna da gaskiya, amma na biyun ya fi kusa da aljihu. Abin lura ga ma'aikacin lafiya shi ne sunan giya kaɗai ba ya wadatarwa yanzu, don abin da majiyyaci yake sha da wannan suna shekara goma da suka wuce ba shi ne a kofin yau ba.

Lambar da aka rubuta gaskiya ce daidai wa daida?

Kusa da gaskiya ce. Doka ta yarda giyar da ba ta wuce kashi 5.5 ba ta saɓa wa abin da aka rubuta da kashi 0.5 sama ko ƙasa. A wata shari'ar haraji a 2017 ta bayyana cewa Carling, wadda aka rubuta mata kashi 4, ana dafa ta ne a kan 3.7, kuma kamfanin ya yi nasara a shari'ar.

Yaya ake yi da giya mai kashi 8 ko 10? Ita ma cika faint ake yi?

Mashaya mai hankali ba ta yi. Doka ta ƙayyade ma'aunan da za a sayar da giyar famfo: sulusin faint, rabi, kashi biyu cikin uku wanda aka ƙara a 2011, da cikakken faint. Sababbin ƙananan kamfanoni da suka yawaita a shekarun baya suna yin IPA, wato giya mai yawan ɗacin hop, mai kashi 6 zuwa 8, da baƙaƙen giya masu kauri da suke haura 10, kuma a allon farashi za ka ga an rubuta kuɗin sulusi ko na rabi kawai. Sulusin faint na mai kashi 8 yunit ɗaya da rabi ne. Cikakken faint ɗinta ya kai huɗu da rabi.

A Beljiyam an daɗe da warware wannan. Giyar da ake dafawa a gidajen sufayen Kirista, irin su Westmalle da Chimay, tana kai kashi 9 ko fiye, amma a ƙaramar kwalba mai mililita 330 take zuwa, a zuba ta a kofi mai ƙafa, a yi awa guda ana kurɓa. Jamusawa kuma a bikin Oktoberfest na birnin Munik sun bi ta wata hanyar: giya mai kusan kashi 6 a kofin lita ɗaya, yunit 6 a tashi ɗaya. Baƙi ne suka fi kwasar kashinsu a hannu a can, don suna ƙirga kofuna kamar suna gida. Wanda ya je Jamhuriyar Cek kuma ya ga 10 ko 12 a allo, kada ya firgita. Wannan awon kaurin ruwan hatsi ne, 10 ɗin tana wajen kashi 4, 12 ɗin wajen kashi 5.

Mai tuƙi zai iya shan mara ƙarfi ya kama hanya?

Doka ba ta ƙirga kofi, jini take aunawa. A Ingila da Wels an sa iyakar miligiram 80 na barasa a kowace mililita 100 ta jini tun 1967, Sukotlan kuma ta rage tata zuwa 50 a Disambar 2014. Ba wanda zai iya gaya maka kofi nawa ne zai kai ka wannan layi, don kofin da bai taɓa ƙato mai cikakken ciki ba zai iya tsallakar da siririyar mace da ba ta ci abinci ba. Hukuncin da aka fi sani shi ne ƙwace lasisi na aƙalla shekara guda, ga tara, wani lokaci har da ɗauri, kuma ga baƙo laifin yana iya shafar takardun zamansa. Akwai kuma tarkon washegari: wanda ya sha yunit 12 ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare, ƙarfe bakwai na safe bai gama narkar da su ba.

Abinci ko gahawa mai zafi suna rage ƙarfin?

Abinci yana jinkirta shigar barasa cikin jini, ba ya rage yawanta. Gahawa da wanka da ruwan sanyi suna wartsakar da ido ne kawai.

Giyar da aka rubuta 0.0 ko 0.5 fa? Musulmi zai iya sha?

Ba abu ɗaya ba ne. Ƙa'idar gwamnati a Ingila ta ce a kira abu mara barasa idan bai wuce kashi 0.05 ba, mai ƙarancin barasa kuma idan bai wuce 1.2 ba. A ƙasashen Turai da dama kuwa har mai kashi 0.5 ana kiranta mara barasa, kuma irin waɗannan suna cike da kantunan Birtaniya. Heineken 0.0 da Guinness 0.0 suna rukunin farko. Yawancinsu giya ce ta sosai aka dafa sannan aka cire mata barasar, saɓanin Maltina ko Malta Guinness da muka sani, waɗanda ba a bari su tsimu tun farko.

Ta fuskar addini, hadisin da kowa ya sani ya ce abin da mai yawansa yake bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Malamai sun yi saɓani a kan abin da ko an sha tulu ba zai bugar ba: wasu sun duba sakamakon suka sassauta, wasu suka duba asalinsa na giya da kamanceceniya da mashaya suka hana, wasu ma zaman teburin da ake shan giya suka hana gaba ɗaya. Wannan shafi ba gidan fatawa ba ne, a kai tambayar ga malamin da aka amince da shi, a kuma tafi da kwalbar ko hotonta don ya san wacce ake nufi. Wanda yake fama da barin shaye-shaye shi ma ya yi hattara, don ƙamshi da ɗanɗanon kaɗai suna iya tayar masa da tsohon ƙishi.

Idan ba na sha kuma aka gayyace ni, me zan yi da zagayen?

Ka faɗa tun kofin farko cewa ba ka shan barasa. Yanzu wannan ba baƙon abu ba ne, matasan Birtaniya da yawa su ma sun daina. Za a sayo maka lemo ko ruwan 'ya'yan itace ko soda da lemun tsami. Ka kiyayi abin da suke kira shandi, don rabinsa lemo ne rabinsa giya, kuma wasu suna miƙa shi ga mai tuƙi kamar ba komai. Haka ma saida, wadda ake yi da tuffa: kamar lemo take a ido da baki, amma tana kai kashi 4.5 zuwa sama da 7. Ruwan famfo kyauta ne, doka ta wajabta wa duk mai lasisin sayar da barasar da ake sha a wurinsa a Ingila da Wels ya ba da shi idan an nema. Idan kuma ba ka son kuɗinka ya sayi giya, ka ce ba ka cikin zagayen, za ka sayi naka da kanka. Ana yin haka, kuma ba a ɗaukarsa rowa matuƙar ka faɗa kafin wani ya riga ya biya maka.